SHARHINMU: Ba keken ɗinki ke yin tela ba

Duk mai cin kasuwar Tawa ranar Lahadi ya san su. Samari ne masu jini a jika, suna tsaye bakin tasha suna jiran mota ta tsaya su ruga ɗaukar kaya, ko suna tura baro, ko kuma suna zaune gindin bango ba aikin fari ba na baƙi. Ƴan mata kuma na bin gida-gida da rumfa-rumfa suna tambaya ko akwai wanke-wanke. Wasunsu Hausar Sakkwato ce a bakinsu, wasu Buzanci ko Fulatanci, wasu kuwa ƴaƴanmu ne na nan Adar, daga Bambeye ko Kaita ko Illela, waɗanda aka zubo daga Aljeriya ko Libiya da rigar wuyansu kaɗai. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a yi maganarsu da ku, Alhazai da Hajiyoyi masu rumfa, domin duk taron da ake yi a manyan otel na Yamai da sunan shirya matasa ga aiki ba zai kai ko'ina ba muddin bai biyo ta ƙofar shagunanku ba.

Ba daga sama suka faɗo ba. Tun da rikicin arewacin Mali ya ɓarke a farkon 2012, dubban iyalai suka tsallako da dabbobinsu zuwa arewacin jihar Tawa, aka zaunar da su a Intikan da Tazalit, inda aka bar su su ci gaba da kiwo maimakon a killace su cikin sansani. Dabara ce mai kyau, amma bindiga ba ta bar ta ta yi nisa ba. Ranar 6 ga Oktoban 2016 aka kashe sojoji 22 a Tazalit. Ranar 31 ga Mayun 2020 mahara bisa babura suka shiga Intikan, suka kashe mutum uku cikin shugabannin al'umma, suka lalata hanyar ruwan sha, jama'a suka watse zuwa Telemses. Ranar 21 ga Maris na 2021 kuma aka yi kisan gillar da ba za a manta ba a Intazayan da Bakorat da ƙauyukan kewaye cikin gundumar Tilliya, inda gwamnati ta ƙirga gawa 137. Yaron da aka goyo daga Mali a 2012 yau saurayi ne, ya yi hijira sau biyu ko uku, garken ubansa ya ƙare, lakwal ɗinsa kuma ta tsinke tun bai iya rubuta sunansa ba.

Ta kudu ma haka abin yake. A watan Nuwamban 2021 kaɗai, hukumar HCR ta ce fiye da mutum 11,500 suka gudo daga jihar Sakkwato saboda ƴan bindiga, suka sauka a ƙauyukan Bangi cikin gundumar Madawa, akasarinsu mata da yara. Ta arewa kuwa, tun ƙarshen 2014 Aljeriya ke kwaso mutane, wasu ta ajiye su cikin hamada su taka kilomita 15 a ƙasa kafin su iso Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum dubu 30 da aka koro ta wannan hanya a shekarar 2024, ƴan ƙasashe daban-daban, amma kowa ya san kason ƴan Nijar a ciki ba kaɗan ba ne, kuma in an ce ƴan Nijar a hanyar bida, to Adarawa na sahun gaba.

Ba za mu ce ba a yi kome ba. Dokar ƙasarmu ta 20 ga Yunin 1997 ta amince da matsayin ɗan gudun hijira, ba ta kuma hana shi neman na kansa ba. A 2018 Nijar ta kafa dokar kare waɗanda rikici ya raba da gidajensu cikin ƙasa. A wannan shekarar ce Bankin Duniya ya ware dalar Amurka miliyan 80 ga shirin PARCA, don ƴan gudun hijira da garuruwan da suka karɓe su, jihar Tawa na ciki. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA, akwai hukumar OIM mai tallafa wa waɗanda aka koro. An gina ajujuwa, an haƙa rijiyoyi, an horar da yara. Wanda ya yi alheri a yaba masa.

To amma ina gizo ke saƙar? Tsarin da aka saba shi ne: a tara yara talatin ko arba'in, a koya musu ɗinki ko walda ko haɗa sabulu na ƴan watanni, a yi biki, a ɗauki hoto, a miƙa wa kowa takardar shaida da kayan aiki, sai a rufe littafi a rubuta cewa an samar da aikin yi. Ku da ke kasuwa kun fi kowa sanin abin da ke biyo baya, don a gabanku ake kawo keken ɗinkin sabo ful a sayar da shi rabin kuɗinsa. Kada a yi saurin zagin yaron. Ya koma gida ya tarar da tukunya ba ta hau wuta ba, uwarsa na bin bashin tiya biyu ta hatsi, ƙaninsa na kwance da zazzaɓi. Keke na kallonsa, ba shago, ba zare, ba yadi, ba kuma mutum ɗaya a garin da zai yarda ya miƙa shaddarsa ta sallah ga baƙon da ya koyi ɗinki wata uku. Kowane ɗayanmu aka sa a wannan hali, abin da zai yi ke nan. Sannan wa ya ce ƙauye guda na buƙatar tela ashirin? Ana zaɓen sana'ar da ta fi sauƙin koyarwa da sauƙin rabon kaya, ba a tambayi kasuwa abin da take nema ba.

Mu Adarawa bai kamata a koya mana wannan darasi ba, don mu muka fi kowa sanin yadda baƙo ke zama mutum a garin wasu. Shekara da shekaru, da an gama girbi samarinmu ke cika motoci zuwa Abijan, Akara, Kumasi, Lome, Kwatano, Legas da Duwala. Wane ne a cikinsu ya je da takardar shaida? Abin da yake riƙe da shi suna ne: sunan mai gidan da zai sauka wurinsa a Ajame ko a zango. Mai gida ya ba shi wurin kwana, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da wani tsohon hannu su yi yawon talla tare har ya gane hanya da kuɗi da ƴan kalmomin ciniki. Bayan nan a ba shi kaya bashi, ya sayar ya kawo uwar kuɗi ya riƙe riba. In ƴan sanda suka kama shi, mai gida ke zuwa. In ya yi rashin gaskiya, sunan ƙauyensu duka ya ɓata, shi ya sa ba ya yi. Ta haka mai tebur ya zama mai shago, mai shago ya zama Alhajin da ya gina bene a Tawa. Har abincin da mutanen Abijan suka fi so, wato garba, sunan ƴan Nijar masu sayar da shi ya ɗauka. Kuma mun san ɗacin kora: iyayenmu sun ga ta Gana a 1969, sun ga ta Najeriya a 1983, mun ga waɗanda suka dawo daga Kodebuwa bayan 2002, da na Libiya a 2011. Gidan da bai taɓa cin kuɗin bida ba a Bambeye, a nuna mana shi.

Saboda haka abin da yaron Intikan ko yarinyar Sabon Birni suka rasa ba keke ba ne da farko. Mai gida suka rasa. Sun rasa wanda zai tsaya musu, ya ce na san shi, a ba shi, in ya ci ni zan biya. Kasuwarmu kaf bisa lamuni take tafiya, daga dillalin shanu a kara har mai sayar da daddawa, kuma wanda ba shi da mai lamuni, ko ya fi kowa hannu, ɗan dako zai tsufa. Babu wata ƙungiya daga Turai da za ta iya ba da wannan, domin ba a sayen sa da kuɗi. Ku kaɗai kuke da shi.

Bayan lamuni sai ƙananan abubuwa da masu tsara shiri a ofis ba su cika gani ba. Yaron da ya taso da naira ko dinari, in aka ce masa ashirin, sai an koya masa cewa tsabar da aka rubuta wa 100 ake nufi, ɗari biyu kuma ita ce jaka. Wanda Buzanci ya sani sai ya iya Hausar ciniki, ya san bambancin albarka da sallama, ya san cewa ba a amsa tayin farko. Sai ya iya awo, ya iya rubuta bashi ko da da ajami ne, ya iya tura kuɗi ta salula ba a cuce shi ba, ya iya zuwa da sassafe ya share gaban rumfa ba sai an aika kiransa ba. Waɗannan su ne shirin aiki na gaskiya, kuma a rumfa ake koyonsu, ba a allo ba. Sai kuma takardu. Yara da yawa da aka haifa a hanya ko a ƙasashen waje ba su da takardar haihuwa, wanda ba shi da ita kuwa ba katin ɗan ƙasa, ba lasin tuƙi, ba jarrabawa, kowane shingen jami'an tsaro kuma tashin hankali ne gare shi. Zaman alƙali guda a ƙauye don raba takardun da ke maye gurbin ta haihuwa ya fi biki goma na rabon kaya amfani.

Game da ƴaƴanmu da aka koro, akwai wata ɓarna da ke ba mu takaici. Da yawansu sun yi shekaru suna gini a Tamanrasat da Sabha da Tarabulus. Sun iya shimfiɗa karo, sun iya fenti, sun iya aikin famfo da jan wayar lantarki, wasu sun yi noman rani na zamani a gonakin Larabawa. Amma da sun iso sai a jera su tare da wanda bai taɓa riƙe cebur ba, a ce za a koya musu sana'a daga farko. Me ya hana a gwada hannunsu kwana biyu, a ba su shaidar abin da suka riga suka iya, a haɗa su da masu kwangilar gini a Tawa da Ƙwanni? Sannan a tuna cewa mutumin da aka koro ba talauci kaɗai ya ɗauko ba. Akwai bashin kuɗin mota da aka ci don tafiyarsa, wataƙila an jinginar da gona ko an sayar da tumakin uwarsa, akwai kuma kunyar shiga gari hannu rabbana alhali sa'o'insa sun aiko da kuɗin aure. Kunyar nan ce ke sa da yawa ba su kwana goma a gida, sai a ji sun koma, ko sun nufi wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarkaten. Wasu kuma, Allah ya kiyaye, akwai masu babura da ke biyan kuɗi a daji.

Nan ne maganar iyali ta shigo, kuma nan ne muke ganin shirye-shirye da dama suka yi tuntuɓe. Yaro ɗan shekara 16 a gidan ƴan gudun hijira ba yaro ba ne, shi ne mai cefane. Ɗari ko ɗari biyun da yake samowa a dako ita ce tuwon dare. In ka ɗauke shi ka kai shi gareji koyon gyaran babur shekara guda, wa zai cike wannan gurbi? In ba a amsa wannan tambaya ba, uwarsa da kanta za ta je ta janye shi, kuma tana da gaskiya. Amsar tana nan cikin tarihin Adar. Aikin Kaita da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, tare da FAO da PAM, abinci yake biya ga masu aiki, kuma mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsun da aka farfaɗo da faƙo da su, don mazan suna bida. Mutane sun zo ne saboda tukunya, suka tafi da sani. Haka a yankin Illela da Badagishiri, haƙar tassa da rabin wata ta zama sana'ar da samari ke yi a biya su, bayan masu shirin sun daɗe da naɗe tabarmarsu. Abin ya ɗore ne don manomi ya ga riba, ya yarda ya sa hannu cikin aljihunsa. Kuɗin da ake kashewa wajen biki da riguna da huluna masu tambari, da an mai da su buhun hatsi ga gidan kowane ɗan koyo har ya gama, da an ga bambanci.

Iyayenmu mata na kasuwa, naku nauyin ya fi na kowa, don yawancin waɗanda suka tsallako mata ne da ƴaƴansu, wasu an kashe mazansu a gabansu. Da yawa cikinsu ba su buƙatar a koya musu kome. Matar Sakkwato ta iya ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura tun tana budurwa. Buzuwa ta iya cuku da aikin fata da saƙar tabarma, ta kuma fi kowa sanin turkar rago. Abin da ba ta da shi gefen rumfa ne da za ta aza tirenta ba a kore ta ba, da kuma hannu guda a adashi. Mun san uwar adashi ba ta ɗaukar wadda ba ta sani ba, kuma ba mu ga laifinta. Amma in mace biyu masu mutunci suka tsaya wa baƙuwa, aka sa ta a zubi mafi ƙanƙanta, aka ba ta kwasar ƙarshe, me aka yi hasara? In ta cika zagaye ɗaya, ai ta sayi sunanta da kanta.

Sai dai a nan dole mu faɗi mai ɗaci. Ɗaukar yarinya ƴar gudun hijira a sa ta daka da wanki da reno daga asuba har dare, a biya ta da ƙanzo da tsohon zane, ba taimako ba ne, ko da an kira shi riƙo. Ɗaukar yaro a shago shekara bakwai ba ranar yaye, ba jari, shi ma ba koyar da sana'a ba ne. Jiharmu ta riga ta sha kunya a idon duniya a watan Oktoban 2008, lokacin da kotun CEDEAO ta yanke hukunci kan shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a yankin Ƙwanni. Dokar aiki ta ƙasarmu ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, wurinsa lakwal ne, kuma tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi jaka 42 ne a wata. Ba mu ce mai tuyar ƙosai ta biya ɗan koyo albashin gwamnati ba. Mun ce wanda ya gama koyo ya zama ma'aikaci, a biya shi haƙƙinsa, kada a ce ai baƙo ne ba shi da inda zai kai ƙara.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce: namu ƴaƴan ma suna zaune, ga masu digiri daga jami'ar Tawa suna kabu-kabu, ta yaya za a fara da baƙo? Jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da miliyan 3, wajen rabinsu yara ƙanana, ba ta da aikin da za ta yi kyauta da shi. Gaskiya ne. Shi ya sa duk shirin da zai ware ƴan gudun hijira ya ba su, ɗan mai masaukin da ya raba rijiyarsa da gonarsa da su yana kallo, gaba yake shukawa. Sharaɗin ya zama ɗaya da ɗaya: duk shagon da aka tallafa wa ya ɗauki baƙo, ya ɗauki ɗan gari tare da shi. Wasu kuma tsoro suke ji, kada su jawo ɗan leƙen asirin ƴan bindiga cikin gidansu. Wannan ma ba a raina shi a zamanin da muke ciki. Amma ƴan gudun hijira suna da shugabanninsu da malamansu, suna da rajista, mai gari da liman sun san wanda ya sauka a unguwarsu. Yaron da ke zuwa shagonka kullum, ka san uwarsa, ka san inda yake kwana, ya fi wanda ke gindin bango ba mai tambayarsa kwanciyar hankali gare ka.

Aikin kuma akwai shi, in an duba inda kasuwa ke kuka. Masu lambu daga Galmi har Tabalak na neman mai gyaran injin ban ruwa, wani lokaci sai albasa ta yi kwana biyu ba ruwa ana jiran makanike daga birni. Farantan hasken rana sun cika ƙauyuka, masu iya ɗaura su da gyaransu ƙalilan ne. Ga gyaran salula da babura masu ƙafa uku, ga ginin rudu na ajiyar albasa, ga busar da tumatir da tattasai, ga fawa da jima. Ku ne kuka san wace sana'a ce ake layi a kanta, wace ce kuma ta cika ta batse. Har yau wa ya zo rumfarku ya tambaye ku?

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa kuɗin waje za su ci gaba da zuwa kamar da. Tun farkon 2025 Amurka ta datse yawancin agajin da take bayarwa, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun rage ma'aikata da ayyuka. Abin da ya rage a hannu, sai a kashe shi inda zai haifu. Asusun FAFPA da harajin koyon sana'a da kamfanonin ƙasar nan ke biya ake ciyar da shi, don haka ƴan kasuwa na da bakin tambayar inda yake shiga. Muna ganin a ba mai shagon da ya karɓi ɗan koyo wani abu na kayan aikin da yaro zai ɓata, a ba gidan yaron hatsi, cibiyar CFM ta riƙe shi kwana ɗaya ko biyu a mako don karatu da lissafi, sauran kwanakin yana shago. Kayan aiki kuwa kada a miƙa su ranar biki, a ajiye su hannun mai gida da shaidu har ranar yaye, lokacin da yaron ya riga ya yi abokan cinikinsa.

Wannan ba ya buƙatar jiran Yamai. Kantomomin da ke riƙe da Tawa da Bambeye da sauran ƙananan hukumomi tun bayan rushe majalisu a 2024, da sarakunan kasuwa, da shugabannin ƙungiyoyin teloli da makanikai da mahauta da na mata, za su iya zama da shugabannin ƴan gudun hijira su fitar da sunaye: wane shago zai ɗauki mutum nawa, wa ya tsaya wa wane. A rubuta yarjejeniya a takarda guda, da Hausa, gaban mai unguwa da uwar yaron ko ubansa, a faɗi tsawon koyo, da abincin rana, da ranar yaye, da wanda za a kai wa ƙara in an saɓa. A kuma yi shi kafin a gama ɗaurin hatsi, domin daga Oktoba zuwa Nuwamba ne motocin Agadas da na kurmi ke cika, kuma yaron da bai ga sunansa a takardar wani shago ba kafin lokacin, zai rubuta shi a ta kamashon tasha.